Gwanayen da Ke Nema wa Yara Masu Buƙata ta Musamman Gurbi a Aji

Duk wanda ya san makarantun firamare na gwamnati a Kano ko Katsina ko Sakkwato ya san halin da aji yake ciki. Tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi malami ɗaya ga yara 35, amma sau da yawa ka leƙa ka tarar da ninkin haka ko fiye, wasu a kan benci, wasu a ƙasa, allo ya koɗe, alli ma sai an yi tattalinsa. A cikin irin wannan aji ne wasu iyaye, galibi mata, suke samar wa ɗansu mai lalurar ji, ko 'yarsu gurguwa, ko zabiyan da ba ya hangen allo, wurin zama da kulawar da za ta kai shi ga kammala karatu. Abin da suke yi gwaninta ce mai tsari, kuma ta cancanci a bayyana ta don wasu su koya.

Doka tana bayansu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta ga kowane yaro. A watan Janairun 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda ta ba su damar karatu kyauta har sakandare, ta ce makarantun gwamnati su karɓe su tare da sauran yara, kowace ta kasance da aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da su. Ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin kuma ya cika tun farkon 2024. Sai dai gwanar uwa ta san cewa idan ta shiga ofishin hedimasta tana ɗaga doka, amsar da za ta samu ita ce: "Hajiya, ba mu da kayan aiki, ki kai shi makarantarsu." Makarantun nasu kuwa 'yan kaɗan ne. Akwai ta Tudun Maliki a Kano, akwai ta makafi a Gindiri da ke jihar Filato wadda aka buɗe tun 1953, amma uwar da ke ƙauye ba za ta iya rabuwa da ɗan shekara shida ta tura shi nesa ba. Dole makarantar unguwa ce mafita.

Farkon gwanintar shi ne uwa ta san ɗanta sosai, sannan ta mayar da babban haƙƙi ya koma ƙaramar buƙata da malami zai iya biya gobe da safe ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Ba ta cewa "a taimaka wa yarona", domin wannan magana ce da ba ta da kan da za a kama. Bayan gaisuwa ta natsu, sai ka ji ta ce: "Ranka ya daɗe, yaron nan kunnensa na dama ne yake ɗan ji. In an zaunar da shi a layin gaba ta hannun dama, kunnensa na hagu ne zai fuskanci tsakiyar aji, ba zai ji ba. A sa shi ta hagu. Kuma in malam zai yi bayani ya juyo, don bakinsa yake kallo." Hedimasta da ya shirya cewa babu kuɗi sai ya rasa abin da zai ƙi, domin ba kuɗi aka tambaye shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ita ta zo da sanin wurin daidai.

Kowace lalura da irin nata roƙon. Yaro zabiya yana buƙatar kusantar allo, nesa da hasken taga, a yi rubutu da manyan baƙaƙe, a bar shi ya sa hula da riga mai dogon hannu, kada a tsayar da shi cikin rana lokacin taron safe. Wanda shan inna ta shanye wa ƙafa yana buƙatar a sauya wa ajinsu ɗaki zuwa wanda ba shi da matakala, ko a zuba ɗan gangaren siminti a bakin ƙofa don kekensa ya hau, a kuma duba masa batun makewayi, wanda shi ne ke korar 'yan mata da yawa daga makaranta ba tare da sun faɗa wa kowa ba. Mai sikila a bar shi da gorar ruwansa, a ba shi izinin fita ba tare da dogon bayani ba, kada a sa shi horo mai wahala, in ya kwanta ciwo a ajiye masa aikin da ya wuce shi. Mai farfaɗiya kuwa babban abin da yake buƙata shi ne malami ya gaya wa aji ƙarara cewa ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa, kuma in ta tashi a kawar da abin da zai ji masa rauni, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki.

Na makaho ne ya fi buƙatar dabara. Rubutun makafi da Louis Braille ya ƙirƙira a Faransa ɗigo shida ne kacal, uku a tsaye ta hagu, uku ta dama, kowane harafi da yadda ɗigoginsa suke haɗuwa. Injin buga shi yana da tsada, amma akwai ɗan allo mai ramuka da ake maƙala takarda mai kauri a ciki, da tsinken ƙarfe mai ƙoƙon riƙewa. Yaro yana huda takardar ta baya, daga dama zuwa hagu, yana juya kowane harafi a kansa kafin ya danna. In ya gama sai ya kife takardar ya bi tudun ɗigogin da yatsa daga hagu zuwa dama. Malamin aji bai iya karanta wannan ba, don haka uwa ko uba sai su nemo wani babba makaho da ya yi karatu, ta hanyar ƙungiyar makafi ko sarkin makafin gari, ya riƙa koya wa yaron da yamma. A aji kuma a roƙi malami ya riƙa furta duk abin da yake rubutawa a allo, a haɗa yaron da aboki mai karanta masa, a yarda ya ɗauki darasi a waya ya saurara a gida, a yi masa gwaji da baki.

Sashe na biyu na gwanintar shi ne sanin wanda za a tafi da shi da lokacin da za a je. Uwa ba ta zuwa ranar da aka dawo daga hutu, sa'ad da ofis ya cika da hayaniya. Takan fara da malamin aji kafin hedimasta, don kada ya ji an kai ƙararsa. In abin ya shafi kuɗi, kamar buhun siminti na gangare, sai ta bi ta kwamitin kula da makaranta ko ƙungiyar iyaye da malamai, ta nemi mai unguwa ko liman ya sa baki. Liman kuwa ba ya rasa abin faɗa, tunda kowa ya san matsayin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, sahabi makaho da ya zama ladanin Manzon Allah (SAW). Sai an bi waɗannan an gaza ne take kai maganar ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, a nan ne take ambaton doka, cikin ladabi amma ba tare da ja da baya ba.

Sannan ba ta barin alkawari a fatar baki. Takan roƙa a rubuta abin da aka amince a 'yar takarda, hedimasta ya sa hannu, ta riƙe kwafi tare da takardar likita. Dalili shi ne ana sauya wa malamai wurin aiki, yaro kuma yana canza aji duk shekara, sabon malami ba shi da labarin komai. Kowane zango sai ta koma ta gaisa, ta yi godiya a kan abin da aka yi kafin ta tuna abin da ya rage. Wannan takarda ce ke amfani idan babbar jarabawa ta zo. Hukumar WAEC tana tanadar wa makafi takardun tambaya da rubutunsu da ƙarin lokaci, JAMB kuma tun 2017 ta kafa kwamiti na musamman da ke shirya musu jarabawa a cibiyoyi da aka keɓe, har da Kano. Amma sai an bayyana lalurar ɗalibi tun lokacin rajista, in aka bari sai ranar jarabawa an makara.

Malaman da ke karɓar wannan roƙo su ma gwanaye ne. Akwai wanda bai taɓa zuwa Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo ba, bai yi karatu a sashen ilimi na musamman na Jami'ar Bayero ko ta Jos ba, amma ya zauna da uwar kurma ya koyi alamun maganar hannu da ake yi da yaron a gida, ya koya wa 'yan ajin, har yaron ya samu abokan hira a filin wasa.

Duk da haka, ƙwazon iyaye bai sauke wa gwamnati nauyi ba. Ba kowace uwa ce ke da bakin magana ko lokacin zirga-zirga ba, kuma 'ya'yan waɗanda ba su da shi su ne muke gani suna bara a kan titi. Hukumomin ilimi na jihohi su horar da malamai, su sayo allunan rubutun makafi, su daina gina aji ba gangare. Kafin nan, iyayen da suka ƙware su koya wa na bayansu, kai kuma mai karatu, in da irin wannan yaro a unguwarku yana zaune a gida, ka raka iyayensa wurin hedimasta a farkon zango mai zuwa.