4.3 Ɗora Kiɗan Kalangu da Ƙwarya a Kan Fiyano

Kamar yadda aka nuna a babi na uku, fiyano ƙirar Yamaha ta samu gindin zama a ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano a shekarun 1990, kuma fim ɗin Sangaya na 1999 yana cikin waɗanda suka sa kunnen jama'a ya saba da ita. A wannan sashe za a duba abin da ke faruwa idan aka ɗauki tsohon kiɗa aka sake buga shi da wannan na'ura, bisa la'akari da waƙoƙin da mai nazari ya karɓo daga masu tura waƙa a waya a kasuwannin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Galibin waɗannan waƙoƙi sun jingina ne da salon makaɗa biyu da suka zauna a Funtuwa, wato Alhaji Mamman Shata wanda ya rasu a 1999, da Hajiya Barmani Coge wadda ta rasu a 2013.

Da farko a ɗauki kalangu. Makaɗi yakan saƙala shi a hammata, ya matse tsarkiya ko ya sassauta ta yayin da yake bugu da gula, sai sautin ya hau ko ya sauka. Tun da Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu yana iya furta kirari ba tare da an buɗe baki ba. Daɗin daɗawa, a ƙungiyar Shata makaɗa ne ke bin jagora. Idan ya ja ɗan waƙa ya yi tsawo, su jira shi. Idan ya hango wani a cikin taro ya karkata kansa, su karkata tare da shi, 'yan amshi kuma su riƙe gindin waƙa har ya dawo. Duk wanda ya saurari Bakandamiya a faifai daban-daban zai ji cewa ba ta taɓa fitowa iri ɗaya sau biyu ba.

To, a fiyano lamarin ya juye. Mai bugu yakan tsara gajeren kiɗa, na'ura ta yi ta maimaita shi da gudu ɗaya, sannan a zo a ɗora murya. Ke nan mawaƙi ne ke bin kiɗa. A waƙoƙin da aka saurara an ji inda aka datse ɗan waƙa don ya shiga ma'aunin na'ura, an kuma ji inda aka ja gajeren wasali aka mayar da shi dogo. Amon da aka zaɓa ya yi kama da kalangu, ba musu, sai dai kalangu ne bebe: ana jin bugunsa, ba a jin maganarsa. A ganin mai nazari, wannan asara ce ta ma'ana, domin rabin zancen yana bakin ganga ne.

Amma ba haka abin yake ga amada ba. Kiɗan ƙwarya, ko ta kife a ƙasa ko a kan ruwa, dama can bugu ne mai maimaituwa da aka gina don rawa, ba a kuma ɗora masa nauyin furta kalma ba. Saboda haka salon Barmani ya hau fiyano ba tare da ya ji jiki sosai ba. Abin da ya ɓace shi ne guɗa da shewa da matan gida ke jefawa a tsakani, ko da yake a wajen biki mata kan mayar da su da bakinsu. A nan dole a yi wa masu fiyano adalci, domin 'yan mata da yawa ta wannan hanya suka fara sanin amada.

Akwai kuma batun abinci. Mai biki a Faskari ko Sabuwa yana ganin ɗaukar mai sifika ɗaya da janareta ya fi masa sauƙi a kan ciyar da ƙungiyar makaɗa da sallamarsu. Rashin tsaro da ya addabi yankin, musamman bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, ya ƙara rage tarukan dare, waɗanda a nan ne ɗan makaɗi ke zama bayan mahaifinsa yana koyon matsa tsarkiya. Makaɗan kalangu da mai nazari ya zanta da su a Ƙanƙara sun fi kokawa da wannan fiye da fiyanon kanta.