Ran Ɗan Tayi da Ikon Hukuma: Nazarin Hujjar Ronald Dworkin

1.0 Gabatarwa

A ranar 22 ga Janairu 1973 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Roe da Wade, da rinjayen alƙalai 7 a kan 2, cewa tsarin mulkin ƙasar ya ba mace damar zubar da ciki kafin ɗan tayi ya kai lokacin da zai iya rayuwa a wajen mahaifa. A ranar 24 ga Yuni 2022 kuma wannan kotun dai ta rushe hukuncin a shari'ar Dobbs, ta mayar da al'amarin hannun majalisun jihohi. A tsakanin waɗannan hukunce-hukunce biyu aka buga littafin nan mai suna Life's Dominion, watau daular rai, a 1993. Marubucinsa Ronald Dworkin (1931-2013) masanin falsafar shari'a ne da ya koyar a Jami'ar Okusfod da ta Niyok. Manufar wannan maƙala ita ce a auna hujjar littafin, a nuna cewa rabinta na farko yana da ƙarfi ƙwarai, amma gadar da marubucin ya gina zuwa rabi na biyu ba ta ɗaukar nauyin da ya aza mata.

2.0 Hujjar Marubucin

Dworkin ya fara da raba masu ƙin zubar da ciki gida biyu bisa dalilansu. Gida na farko su ne masu cewa ɗan tayi mutum ne cikakke tun daga ranar da ciki ya shiga, yana da haƙƙi irin na kowane ɗan Adam, saboda haka zubar da shi kisan kai ne. Gida na biyu kuwa su ne masu cewa ran ɗan Adam yana da alfarma a karan kansa, ko da mai ran bai san kansa ba tukuna, don haka ɓarnatar da shi abin ƙyama ne. Ra'ayin marubucin shi ne yawancin mutane, ko da bakinsu yana furta dalili na farko, na biyun ne a zukatansu. Bisa wannan, in ji shi, ɓangarorin biyu na muhawarar duk sun yarda rai yana da alfarma. Inda suka saɓa shi ne wace ɓarna ce ta fi girma: ɓata halittar da Ubangiji ko ɗabi'a ta fara, ko kuwa ɓata rayuwar macen da ta riga ta girma, ta yi wahala, ta ɗora buri.

Daga nan ya yi mataki na biyu. Ya ce saɓani a kan alfarmar rai saɓani ne na addini a ainihinsa, ko da mai ra'ayin ba ya bin wani addini. Tun da Gyara na Farko na tsarin mulkin Amurka, na 1791, ya hana hukuma kafa addini ko tauye 'yancin yin sa, to ba ta da ikon tilasta wa mace ra'ayin masu rinjaye. Iyakacinta ta ja hankalin jama'a su ɗauki al'amarin da muhimmanci.

3.0 Inda Hujjar Ta Yi Ƙarfi

Shaidar da marubucin ya kawo a mataki na farko ita ce togaciyar da masu ƙin zubar da ciki suke yi da kansu. Da yawansu sukan halatta shi idan fyaɗe aka yi wa mace. To, in da gaske ɗan tayi mutum ne cikakke, yaya za a kashe shi saboda laifin ubansa? Ya kuma waiwayi tarihin Cocin Katolika, inda Thomas Aquinas ya tafi a kan cewa ruhu ba ya shiga sai bayan wasu makonni, kuma sai a 1869 Paparoma Pius na 9 ya kawar da bambancin horo tsakanin cikin da aka busa wa rai da wanda ba a busa wa ba. Watau cocin ya daɗe yana haramta aikin ba tare da ya kira kowane irinsa kisan kai ba.

Abubuwan da suka faru bayan 2022 sun gwada wannan ra'ayi. Gaskiya ne jihohin Teksas da Alabama sun zartar da haramci wanda bai togace fyaɗe ba, abin da ke nuna cewa 'yan gida na farko sun fi yadda marubucin ya zata ƙarfi. Amma a watan Fabrairu 2024, da Kotun Ƙolin Alabama ta ce ƙwan da aka haɗa da maniyyi a ɗakin gwaji aka daskarar da shi yaro ne a idon doka, wasu asibitoci suka dakatar da wannan magani na rashin haihuwa, sai majalisar jihar ta gaggauta yin dokar kare asibitocin a watan Maris. A Kansas ma, jihar da aka sani da ra'ayin riƙau, kimanin kashi 59 cikin 100 na masu ƙuri'a suka ƙi gyaran da zai buɗe ƙofar haramci a watan Agusta 2022.

Mai karatu da ya san fiƙihu zai ga cewa wannan rarrabewa ba baƙuwa ba ce. Hadisi na 4 cikin Arba'una na Nawawi ya kawo matakan halitta uku, kowanne kwana 40, sa'an nan a busa rai. Mashahurin zance a mazhabar Malikiyya ya haramta zubar da ciki tun kafin kwana 40, alhali wasu malaman Hanafiyya sun sassauta kafin kwana 120 idan da uzuri. Duk da wannan tsanani, abin da Risala ta Ibn Abi Zaid ta ɗora wa wanda ya jawo ɓarin ciki shi ne gurra, wadda aka ƙimanta da dinari 50, watau kashi 1 cikin 20 na diyyar namiji. Ga haramci nan, amma hukuncinsa bai kai na kisan kai ba.

4.0 Inda Ta Yi Rauni

Wannan misali na fiƙihu shi ne kuma yake tona raunin mataki na biyu. Malaman nan sun bambanta ɗan tayi da haifaffe, amma ba su taɓa fahimtar cewa bambancin ya ɗaure hannun alƙali ba. Ashe ana iya karɓar rabin littafin na farko dungurungum a kuma ƙi na biyu. Abin da ya haɗa su a wurin Dworkin shi ne ma'anar da ya ba kalmar addini, kuma a nan ne matsala ta harshe take.

Na farko, ya faɗaɗa kalmar har ta haɗiye duk wani ra'ayi mai zurfi a kan darajar rai. In haka ne, hukuncin kisa, da taimaka wa maras lafiya ya kashe kansa, da binciken kimiyya a kan ƙwayoyin halitta duk sun zama addini, hukuma ba ta da ta cewa. Kotun ba ta taɓa karɓar wannan ba. A shari'ar Harris da McRae ta 1980 ta ce doka ba ta zama kafa addini don kawai ta dace da koyarwar wani coci. A shari'ar Glucksberg ta 1997 kuma dukan alƙalai 9 suka ƙi yarda da haƙƙin neman taimako don mutuwa, ko da yake Dworkin da wasu masana falsafa 5, ciki har da John Rawls, sun miƙa wa kotun takardar goyon bayansa.

Na biyu, da ya gama faɗaɗa kalmar sai ya ƙuntata wurin zamanta, ya mai da addini abu na tsakanin mutum da zuciyarsa. Wannan fahimta ɗiyar tarihin Turai ce da yaƙe-yaƙenta na ɗariƙun Kirista. Wanda addininsa ya ƙunshi hukuncin ciniki da gado da jini ba zai ga janyewar hukuma a matsayin tsayawa tsakiya ba. Zai ga an ɗauki gefe ne aka kira shi tsakiya.

Na uku, ba kullum ake iya rarrabe dokar addini da wadda ba ta addini ba. Sashe na 232 na Dokar Final Kod ta Arewacin Nijeriya, wadda ta fara aiki a 1960, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga wanda ya zubar da ciki, sai fa in don ceton ran uwa ne. Mutane da dama za su ɗauka daga fiƙihu wannan ya fito, alhali asalinsa dokar Sudan ce, wadda ita kuma aka ɗauko daga dokar Indiya ta 1860 da Bature Macaulay ya tsara. Da ma'aunin Dworkin, a wane gida za a sa wannan sashe?

Hujjar da ta fi ƙarfi a littafin ita ce wadda bai ba babban matsayi ba: nauyin haramcin a kan mace guda yake sauka, a jikinta da lafiyarta. Wannan ce Judith Jarvis Thomson ta tsaya a kai a maƙalarta ta 1971, kuma ita ce ke buƙatar amsa daga kowane mai kafa doka, mai addini ko maras shi.

5.0 Kammalawa

Amfanin littafin shi ne ya tilasta wa mai muhawara ya fayyace abin da yake nufi. Mai nazarin Hausa zai lura cewa kalmar haƙƙi a harshenmu tana ɗauke da abin da mutum yake bi da kuma abin da ake bin sa, shi ya sa ake cewa wane ya ɗauki haƙƙin wane. Duk mai fassara wannan muhawara zuwa Hausa sai ya tantance wanne ake nufi a kowace jimla. Amma Dworkin ya so ya kashe gardamar ta hanyar fitar da ita daga fagen siyasa, kuma hukuncin 2022 ya mayar da ita can. Tambayar da ta rage ga masu shari'a ita ce ta gwargwado: wane mataki na ciki, wane uzuri, wane horo, kuma wa zai ɗauki alhakin macen da likita ya ji tsoron taɓawa har ta rasu.