Ludayin Facalata Da Sifilin Da Ya Ɓata

Ranar wata Asabar da hantsi na shiga sashen facalata aron turmi, sai na same ta tsugune gaban kwandon wanke-wanke tana tsince duk wani baƙin ludayin roba da matsamin suya tana jefawa cikin buhu. Har da wanda ta zo da shi cikin kayan gara, wanda ko aronsa ba ta bayarwa.

Na ce, "Yaya, lafiya? Ko sadaka za a yi da su in miƙo hannu?"

Ta ce, "Ke dai bari, Amarya. Ashe guba muke juya miya da ita shekara da shekaru. Saurari nan ki ji."

Ta miƙo min wayarta. Muryar wani namiji ce, yana rantsuwa yana ƙarawa, wai Turawa sun yi bincike sun gano baƙin ludayin roba yana kawo ciwon daji, duk macen da ke son 'ya'yanta ta zubar da shi yau ɗin nan, kuma ta tura wa mutum goma. Ban ce komai ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, tana gama ɗaure bakin buhun sai ta yayumo ledojin fiyawata guda uku ta cusa a ƙarƙashin gawayi, ta ƙyasta ashana, ta durƙusa tana hurawa da baki, baƙin hayaƙi na dukan fuskarta, ga yaye goye a bayanta.

Da daddare na sa ƙanena da ke karatun kimiyya a jami'a ya nemo min asalin maganar, domin ni ban cika yarda da "an ce wai" ba. To 'yar'uwa mai karatu, binciken dai akwai shi, ba ƙirƙira ba ce. Wata ƙungiya ce a Amurka mai suna Toxic-Free Future ta fitar da shi a watan Oktoba na 2024 cikin mujallar masana mai suna Chemosphere. Sun auna kayan baƙar roba guda 203, na girki da na wasan yara da na gyaran gashi, suka samu wasu daga ciki ɗauke da sinadarin da ake zuba wa jikin talabijin da kwamfuta don kada su kama da wuta. Yadda abin yake, idan waɗannan na'urori suka mutu ana narka robarsu a sake ƙera wani abu da ita, to a nan ne sinadarin yake biyo hanya har ya iso tukunyar miya. Wannan magana ce mai ma'ana, kuma ban ji wanda ya ƙaryata ta ba.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Hukumar kula da muhalli ta Amurka ta ce jikin mutum yana iya ɗaukar ma'auni 7,000 na wannan sinadari a kan kowane kilo na nauyinsa a rana ba tare da fargaba ba. Sunan ma'aunin nanogiram, ƙanƙantarsa ta wuce misali. Sai masu binciken suka ɗauki mutum mai kilo 60 suka buga lissafi, 7,000 sau 60, suka rubuta 42,000. Don Allah uwargida, a ce ke ce uwar adashi, mutum 60 kowa ya zuba naira 7,000, nawa za ki miƙa wa mai kwasa? Ai 420,000 ne. Sifili ɗaya ya faɗi a hanya. Su kuma sun ƙiyasta cewa mai girki da irin wannan ludayi tana iya haɗiyar 34,700 a rana. In aka gwada da 42,000 sai a ga ta kusa bakin rijiya, kashi 80 cikin ɗari da ɗoriya. In kuwa aka gwada da lissafin gaskiya, kashi 8 ne da 'yan kai. Wani malamin kimiyya a jami'ar McGill ta Kanada, Joe Schwarcz, shi ya hango kuskuren, mujallar ta buga gyara a watan Disamba na shekarar. Masu binciken sun amsa laifinsu, amma sun ce har yanzu suna kan bakansu cewa wannan sinadari ba shi da hurumi a kayan girki, kuma a nan ni ma ina bayansu.

Abin da nake suka shi ne, labarin tsoro ya hau jirgi ya iso tsakar gidanmu, har an fassara shi da Hausa an ƙara masa gishiri da ciwon dajin da babu wanda ya ƙirga a cikin binciken. Gyaran kuwa har yau yana tafe a kan jaki. Ban taɓa jin wanda ya yi rantsuwa a waya ya ce ku tura wa mutum goma cewa an samo sifilin da ya ɓata ba.

Kuma ba wannan ne na farko ba. Kila kin taɓa jin cewa kowane ɗan Adam yana cin roba mai nauyin katin cirar kuɗi na banki a duk mako. Wannan ta fito ne a 2019 daga ƙungiyar WWF, bisa wani lissafi da aka yi a jami'ar Newcastle ta Ostireliya, giram 5 a mako. Da aka buga cikakken aikin sai ga shi masu lissafin cewa suka yi daga giram 0.1 zuwa giram 5, sai masu yayatawa suka ɗauki na can ƙololuwa suka bar na ƙasa. A 2021 wasu masana a jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan suka yi nasu lissafin, suka samu abin da bai fi kashi ɗaya cikin miliyan na wancan katin ba. Tsakanin giram 5 da wannan, ai tazarar ta fi ta buhun gero da ƙwaya guda. Amma har gobe katin ake nuna mana a hoto, an ɗora shi a faranti da cokali a gefe, saboda shi ne mai tsinka zuciya.

To kada ki ce na zo in wanke roba ne. Wallahi a'a. Ɓurɓushin roba gaskiya ne. Leda da gora da takalmin roba ba sa ruɓewa kamar ɓawon ayaba, rana ce ke gasa su, su yi ta marmashewa har su koma ƙanana, daga wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba zuwa wanda ido ba ya gani. Wani masani ɗan Ingila, Richard Thompson, shi ya yayata sunan da ake kiransu da shi tun 2004, bayan ya same su cikin yashin bakin teku. A 2022 aka auna jinin mutum 22 a Holan, aka samu alamar roba a jinin 17. A birnin Rum na Italiya an same shi a mahaifa bayan haihuwa, an kuma same shi a ruwan nonon mata 26 cikin 34. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne na 2024, shi ma a Italiya: likitoci suka kankare kitsen da ya toshe jijiyar wuyan marasa lafiya 257, suka samu roba a cikin na mutum 150. Da aka bi su kusan shekara uku, masu robar sun ninka sauran sau huɗu da rabi wajen bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa. Likitocin da kansu sun ce wannan bai tabbatar da cewa robar ce ta jawo ba, tare dai aka gan su. Irin wannan mai bincike nake girmamawa, wanda yake faɗin iyakar abin da idonsa ya gani ya tsaya nan.

Bari in ɗan ratse saboda masu jego. Na ji wata amarya a gidan suna tana cewa tunda an samu roba a nono gara ta koma madarar gwangwani. Haba ƙanwata! Wannan ai gudun gara ne a faɗa gidan zago. Masanan da suka yi binciken nonon ma cewa suka yi a ci gaba da shayarwa. Ita madarar a cikin me za ki dama ta? A 2020 masana a birnin Dublin na ƙasar Ayalan suka gwada fidar jarirai ta roba, suka ga in an zuba ruwan zafi aka girgiza tana sakin ɓurɓushi miliyoyi a lita guda, kuma iya zafin ruwan iya yawan abin da take saki. In dole ce ta sa ki ba da madara, ki dama a kofin ƙarfe ko na tangaran, ta huce, sannan ki juye a fidar.

Wannan maganar zafi ita ce ta dawo da ni kicin ɗinmu, kuma a nan ne nake ganin an bar jaki ana dukan taiki. Yau a gidaje nawa ake kwashe tuwo da mara a jera malmala a kwano a rufe da faifai? Daga tukunya sai leda, yana tururi, a ƙulle a jefa a kula, ya kwana a ciki yana gumi. Alala da iyayenmu ke yi a gwangwani ko a ganye, yanzu a leda ake ƙulla ta a tafasa ta awa guda. Koko da kunun safe a leda, miyar mai tuwo-tuwo a leda, awara daga cikin mai sai leda, ga buhun fiyawata an jibge a rana a ƙofar shago tun safe har la'asar. Ni kaina ina yi, ba zan yi miki ƙarya ba, domin ranar da aka yi baƙi ledar ce ke raba ni da wanke-wanke. Ba ni da adadin da zan ba ki a kan tuwon leda, amma tunda an tabbatar zafi yana sa roba saki, hankali ma ya isa ya gaya wa mutum cewa ludayin da ke shiga miya ya fito bai kai ledar da aka dafa tare da abinci ba.

Sai hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin girki a cikin gida ya yi ajalin mutum miliyan 3.2, cikinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun haura 237,000. Wannan na itace da gawayi da kananzir ne kawai, balle a ƙara masa leda da tsohon silifa. Ba ɓurɓushin da sai an sa madubin likita ba ne, wannan kina ganinsa, yana sa ki hawaye, yana sa goyonki tari. Kuma ita wannan hukumar da ta duba maganar ɓurɓushin roba a ruwan sha a 2019, cewa ta yi bisa ɗan abin da aka sani haɗarinsa bai kai na ƙwayoyin cutar da ke cikin gurɓataccen ruwa ba. Don haka wadda ta bar fiyawata don tsoron roba ta koma shan ruwan ga-ruwa ba tafasawa, ta yi cinikin asara. Amma wa zai turo miki wannan a waya? Ba shi da armashi.

Ledar da muka yar kuwa ba nisa take yi ba. Duk wadda ta taɓa wanke kayan cikin ragon layya ta ci karo da dunƙulen leda a tumbi ta san inda take zuwa. Sauran tana lambatu, ta toshe shi, ruwan Agusta ya zo ya rasa hanya ya shigo mana ɗaki. Irin wannan toshewar ce ta sa ƙasar Bangaladash ta hana siririyar leda tun 2002. Ruwanda ta hana a 2008, Kenya a 2017, Legas ma ta hana farin mazubin abincin nan mai kama da soso a farkon 2024.

Sai dai akwai abin da ke ba ni haushi da masu wa'azin muhalli, na waya da na rediyo. Kullum mace ce mai laifi, ke ce za ki zubar, ke ce za ki sake saye, kamar kuɗin cefanen ƙaruwa yake yi. Ba uwargida ce ta ƙera roba tan miliyan 400 da ɗoriya da duniya ke fitarwa duk shekara ba, wadda daga man fetur da iskar gas ake yin kusan dukkanta, hayaƙin masana'antunta na ƙara wa duniya zafi, kuma abin da ake sake narkawa a yi amfani da shi bai wuce kashi 9 cikin ɗari ba. Ƙasashen duniya sun taru a Busan ta Koriya ta Kudu a ƙarshen 2024 don su ƙulla yarjejeniya a kan roba, suka tashi baram-baram. Suka sake zama a Janeba a Agustan 2025, nan ma haka, domin masu arzikin mai ba su yarda a taƙaita ƙerawa ba. Manya masu kwat sun kasa, sai facalata ce za ta ceci duniya da ludayinta na gara.

Washegari na koma mayar da turmi, na zauna na buga mata lissafin adashin nan da yatsa a ƙasa. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Wato su ma masu farar rigar suna cin sifili? Da a adashinmu ne da an ji mu a bakin titi." Amma ludayin ta ce ba za ta dawo da shi ba, zuciyarta ta riga ta tsane shi, kuma ta riga ta aiki yaro kasuwa ya sayo mata na duma da na ƙarfe. Ban ja da ita ba, kuɗinta ne, kuma na duman ya fi daɗin shan fura.

Na ce, "To Yaya, hura wutar fa?"

Ta ce, "Kananzir ɗin kin san nawa ne kwalba yanzu?"

Na sani. Shi ya sa na zo mata da tsofaffin takardun jarrabawar yara da ɓawon gyaɗa cike da kwano. Muka gwada tare, sai a ashana ta huɗu gawayin ya kama, tana fifita da faifai tana mita wai ledar ta fi sauri. Uwar mijinmu da ke zaune a inuwa tana tsinkar zogale ta ɗago kai ta ce in mun gama gardamar, akushinta yana nan ƙarƙashin gado tun rasuwar Malam, mai so ta zo ta ɗauka, amma sai an shafe shi da man gyaɗa domin ya soma tsagewa.