Kurkuku da Hurumi a Alƙalamin Abdullahin Gwandu

Idan aka ambaci Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829 kuma kabarinsa ke Gwandu, mafi yawanmu tafsirinsa Liya'ut Tawili ko waƙoƙin Tazyinul Waraƙati muke tunawa. Littattafansa na shari'a kuwa mun bar wa malaman zaure da na jami'a. Biyu daga cikinsu sun cancanci a karanta su tare, domin tambaya ɗaya suke yi: ina ikon mai mulki ya tsaya?

Na farko shi ne Liya'ul Hukkami. Bayan yaƙin Alwasa na 1805, ran Malam ya ɓaci da ganin son mulki da dukiya a cikin jama'ar jihadi, sai ya kama hanyar gabas. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu littafin wajajen 1806. Ƙarfinsa shi ne yadda ya ɗaure sarki da alƙali da igiyar shari'a, har hukunta mai laifi ya zama aiki mai ƙa'ida. Mai karatu a yau zai tuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi, duk da dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015.

Na biyu, Ta'alimur Radi, ƙaramin littafi ne kan ƙasar da ba ta da mai ita. A fikihun Malikiyya mutum na samun haƙƙi a kanta ta hanyar raya ta, ko kyautar shugaba, amma hurumin gari, wato wurin kiwo da itacen girki, na jama'a ne. Ko shugaba ba ya keɓe fili sai kaɗan, don buƙatar al'umma. Wanda ya san yadda gonakin shinkafa ke matse burtali da mashaya a fadamar Kalgo zai ga cewa maganar ba ta tsufa ba, musamman da dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna.

Sai dai littattafan suna da rauni. Malam ya fi jero maganganun magabata, irin su Magili da Ibn Farhun, fiye da kawo shari'o'in da ya gani a ƙasar Kabi, don haka da wuya mai karatu ya ji muryar manomi ko Bafulatanin daji. Sannan fikihun da ya dogara da shi ya raba waɗanda ake tuhuma gida uku: mutumin kirki, sanannen mai ɓarna, da wanda ba a san halinsa ba, ya kuma ba da damar matsa wa na biyun. Ɗan sanda mai neman hujjar dukan wanda ya kama zai iya fakewa a nan, kuma bai kamata mu rufe ido a kan haka don girman marubucin ba.

Duk da haka, lauyan Kabi da ke neman belin talaka da safe, ya kare makiyayar ƙauye da yamma, ba sai ya aro dukkan hujjojinsa daga Ingila ba. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, su ne suka fi kusa da wannan gado. Su karanta shi da idon mai tuhuma, su kuma kawo mana shi cikin Hausar da za a iya karantawa a waya.