Waƙar Siyasa a Wayar Hannu: Amshi Ya Cinye Baiti

Duk wanda ya ga yaƙin neman zaɓen 2015 ya san rawar da waƙa ta taka. "Masu Gudu Su Gudu" ta Dauda Kahutu Rarara ta yi ta yawo daga waya zuwa waya, ta WhatsApp da Facebook, ba ta jira izinin wani gidan rediyo ba. Wannan ci gaba ne, ba mu musa ba. Abin da ya dame mu a matsayinmu na marubuta shi ne irin ɓarnar da wannan hanya ta yi wa ginin waƙar kanta.

Mu ɗauki "Arewa Jamhuriya Ko Mulukiya" ta Malam Sa'adu Zungur. Hujja ce ake ɗorawa bisa hujja, kowane baiti yana riƙe da na gabansa, ga kari ga amsa-amo. In ka cire baiti guda, sai zancen ya yi giɓi. Ba mu ce mawaƙan NEPU da NPC waliyyai ba ne. Su ma sun yi zambo, wani lokaci mai muni ƙwarai. Amma irin su Gambo Hawaja, ko da sun yi zagi, sukan faɗa wa talaka dalilin faɗan.

Yau kuwa, abin da ke yaɗuwa a TikTok guntu ne da bai kai minti guda ba. Mawaƙi ya san haka, don haka sai ya zuba fasaharsa duka a amshi, sauran baitoci ya cika su da jerin sunayen masu gida da habaici ga abokan hamayya. Sojojin baka su yanki inda ya fi zafi su watsa. Ɗan takara ya samu kirari, mai zaɓe kuma bai ji ko kalma ɗaya kan makaranta ko taki ba.

Shi ya sa a 2023, da Rarara ya fito yana sukar mulkin Buhari, aka yi ta tono tsoffin waƙoƙinsa ana dariya, amma da wuya a nuna wata manufa da ya kare jiya ya warware yau. Yabon mutum ne kawai ya sauya gida.

Matasanmu da ke kawo mana waƙoƙin siyasa don dubawa, mukan roƙe su abu guda: su cire kiɗan, su kwafe baitocin a takarda, su karanta wa wanda ba ɗan jam'iyyarsu ba.