Littafin Malam Waksman da Almajirinsa

Jama'a, kowa ya san ƙanshin nan da ƙasa ta ke yi ran da ruwan fari ya sauka. Masana sun ce waɗansu 'yan halittu ne na cikin turɓaya ke fid da shi, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Daga jinsinsu aka sami allurar streptomycin, watau maganin farko da ya ci tarin fuka, ciwon da ake kai mutanenmu Saye dominsa.

Selman Waksman, malamin Jami'ar Rutgers ta Amurka, ya ba da labarin wannan a littafin tarihin rayuwarsa, My Life with the Microbes, na 1954. Inda littafin ya yi armashi shi ne wajen nuna darajar ƙasa. Ga yadda aikin ya ke. A ɗebo ƙasa, a dama da ruwa, a shafa bisa faranti mai abincin halittun, a jira su tsiro. Sa'an nan a kawo ƙwayar cuta kusa. In aka ga fili ya kewaye wani tsiro, cutar ta kasa matsowa, to, wannan yana da makami, sai a keɓe shi. Aikin tankaɗe ne, faranti bayan faranti, galibi kuwa a tashi hannu wofi.

Amma fa ina da magana. Wa ya yi tankaɗen? Almajirinsa ne, Albert Schatz, wanda ya keɓe halittar cikin 1943, ya kuma gwada ta kan ƙwayar tarin fuka a wani ɗaki na ƙarƙashin gini, inda kuskure kaɗan ya isa ya kamu. Ya kai ƙara cikin 1950, aka shaida a rubuce cewa tare suka gano, aka yanka masa kashi 3 cikin 100 na kuɗin. Duk da haka Waksman kaɗai aka ba kyautar Nobel cikin 1952, littafin kuwa ya bar almajirin a inuwa. Mu akawuna mun san wannan hali: wani ya rubuta takarda, wani ya sa hannu.

Ban ce malamin bai yi kome ba. Shi ya shekara da shekaru yana nazarin halittun nan, shi ya tsara hanyar. Sai dai mai karatu a Tudun Wada zai rufe littafin yana zaton hikimar mutum guda ce, alhali abin da aka yi aiki da shi ƙasa ce da faranti da haƙurin ɗalibi, ga su kuwa duk a Samaru. Sai 1994 Rutgers ta ba Schatz lambar girmanta, yana da shekara 74.