Kaushin Zane Ba Shi Ne Zurfinsa Ba

Makon jiya na leƙa wani baje kolin zane-zane, na fito raina a ɓace. Zane ya haura ashirin a ɗaki guda, masu shi daban-daban, amma wallahi sai ka rantse hannu ɗaya ne ya yi su. Kowanne an laɓta masa farin kwaɓi mai kauri, an bi shi da mataji an yi masa gwalo-gwalo, an ɗiga ruwan zinare a kusurwa. A ƙarƙashin kowanne kuma ga doguwar takarda. Wannan ta ce zanenta labarin warkewarta ne daga baƙin ciki, wancan ya ce nasa shaida ce ta yadda ya zama sabon mutum. Na karanta takardun kaf, na ɗaga kai na sake duba bango, ban ga baƙin cikin ba, ban ga sabon mutumin ba. Abin da na gani shi ne garin POP da aka tsara da kyau don ya dace da kalar kujerun falo.

Kun san ni, ba ni da faɗa da zanen da ba ya kwaikwayon siffar komai. Ina son sa, musamman mai tudu da kwari, wanda hannunka ke ƙaiƙayin ya shafa shi. Saboda son da nake masa ne abin ke ƙona min rai.

Ku dubi Alberto Burri. Likita ne ɗan Italiya, sojojin ƙawance suka kama shi a Tunisiya a 1943, aka kai shi sansanin fursunonin yaƙi da ke Hereford a jihar Texas ta Amurka. A can ya fara zane. Da ya koma gida a 1946 bai sake riƙe aikin likita ba. Ya rinƙa tattara tsofaffin buhunan algarara, masu faci da ɓula, yana ɗinke su, yana barin jan fenti ya leƙo ta inda suka yage. Duk wanda ya tsaya gabansu sai ya tuna rauni da ɗinkin asibiti, a ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita. Shi kuwa Burri bai ma yarda da wannan fassarar ba, kuma ba mutum ne mai son yin bayanin aikinsa ba. Buhun ne ya yi magana. Bayan girgizar ƙasar 1968 ta rushe garin Gibellina da ke Sisili, ya lulluɓe kufan da farin siminti, faɗin wajen hekta 8, ya bar tsagogi a inda titunan garin suke a da. Yau mutum yana shiga cikin tsagogin nan da ƙafarsa, yana bin hanyoyin da mutane suka taɓa bi zuwa gidajensu. Wannan kaushin yana da dalili.

Haka Antoni Tàpies na Basalona, da yashinsa da garin dutsen marmara, yana yin zane kamar tsohon bangon da aka kakkarta, a zamanin da mulkin Franco ya danne harshen mutanensa. Haka Anselm Kiefer, wanda aka haifa a Jamus a 1945, da tokarsa da dalmarsa da busasshiyar ciyawa. Kowannensu ya ɗauko kayan da rayuwarsa ta jefo masa. Namu na yau kuwa, kayan da bidiyon TikTok ya nuna musu suke saye, roba ɗaya, mataji ɗaya, launin madara ɗaya. Kama da wane ba ta wane.

Abin da ya fi damuna shi ne takardar nan. An mayar da ita kamar ita ce aikin, zanen kuma rakiya ya yi mata. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To fuskar zane ita ce abin da ke kan ƙyallen. In sai na karanta sakin layi uku kafin in gane cewa kin sha wuya, 'yar'uwa, rubutu kika yi, kuma rubutun ya fi zanen gaskiya. Yaya za a ce mutum ashirin sun shiga damuwa iri-iri, wani mutuwa, wata saki, wani rashin aiki, amma duk ciwon ya fito da sawun mataji da ɗigon zinare?

Kuma abin takaici, mu ba baƙin wannan fasaha ba ne. Wanda ya taɓa tsayawa cikin tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya ga yadda ake sa laka ta yi tudu ta yi kwari ba tare da an zana mutum ko dabba ba. Wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san sawun yatsun magini a jikin yaɓe, ya san ƙamshin makuba bayan ruwan farko. Duk wannan yana ƙofar gida, amma sai mun tsallake shi mun kwafo farin bangon wani ɗaki da ba mu taɓa shiga ba.

Na yarda, cuɗa kwaɓi da hannu yana sanyaya zuciya, kuma wanda ya samu sauƙi ta nan ba ni da bakin hana shi. Na kuma san mai zane yana da kuɗin haya a kansa, masu otal kuwa farin nan suke saye.

Kafin in fita na hangi wani ƙaramin zane a bayan ƙofa, inda haske bai kai sosai ba. Jar ƙasa ce aka dama da ƙaro aka shafa, aka manna guntun tsohon gidan sauro mai faci biyu, ɗinkin hannu, zaren ma ba kala ɗaya ba. Babu zinare, babu takarda, sunan mai shi kawai da shekara. Aikin bai gama nuna ba, gefensa na hagu ma har ya fara zuba. Na fi minti goma a gabansa ina tuna ɗakin kakata, har mai gadi ya zo ya ce min za su rufe.